Ƙafar Wandon Muƙaddashi

"Ni ba ɗumama kujera aka kawo ni ba," in ji Muƙaddashi ranar da ya kama aiki. "Kafin sufeto ya zo, kowa da komai a filin jirgin nan zai koyi tsayuwa."

To, ka ji manya. Filin dai na hukumar gari ne: titin sauka ɗaya, hasumiya mai rediyo, da ɗakin jira mai benci huɗu. Jirgi kan zo in ya ga dama. Shi kuwa gogan naka daga tashar mota aka ɗauko shi, aka ba shi riƙon ƙwarya, aka ce ya sabunta dokokin filin. In sufeto ya yaba, kujera ta zama tasa. In bai yaba ba, ya koma rabon faɗan kwandastoci.

Ya fara da hana hamma a gaban titin jirgi. Ya hana zama. Sannan wata safiya ya leƙa ta taga, ya hango abin da ya ɓata masa rai: wata doguwar jakar yadi mai ruwan lemo, kamar ƙafar wando, a saman sandar ƙarfe can ƙarshen titi, ta yi laƙwas.

Mai rediyo ya ce masa ai ita ke nuna wa matuƙi inda iska ta dosa, kuma in iska ta kwanta ita ma kwanciya take yi.

"Kayan hukuma ba ya kwanciya a lokacin aiki," in ji Muƙaddashi. Nan take ya kafa doka: ƙafar wando ta tsaya a miƙe kullum.

Ya kira ƙanen matarsa, tela, ya ce a zuba mata sitaci. Tela ya ce, "Yaya, wannan fa ba hula ba ce." Ya ce ba shawara ya nema ba. Aka dama sitaci bokiti guda aka tsoma ta. Ta miƙe ƙyam, har ya sa aka ɗauke shi hoto a gindinta. Da la'asar aka yi ruwa. Ta koma tsumma, ƙudaje suka zo gaisuwa.

Sai ya sa aka zura mata waya a ciki, kamar haƙarƙari. Ta miƙe kam, amma tana juyawa a kan sandar. Rannan ta ba ofishinsa baya, ta wuni tana nuna ban ɗaki. Ya ce wannan raini ne, kuma ya san da hannun maƙiya. Ya kira mai walda, aka liƙe ta tana kallon tagarsa.

A gida matarsa ta ce masa ita ko shanya za ta yi sai ta dubi iska. Ya ce ta tsaya a kan shanya, harkar sama ta fi ƙarfinta.

Ranar zuwan sufeto ya fito da doka ta ƙarshe: kowane ma'aikaci ya yi layi a ƙarshen titi don tarbar baƙo, har da mai rediyo. Shi ya tsaya a gaba cikin sabon wando da tela ya ɗinka masa, burmeme, wai manya ba sa matse jiki.

Abin da Sarkin Doka bai sani ba shi ne, jirgi iska yake fuskanta in zai sauka, don ta tare shi ya tsaya. Matuƙi ya yi ta kira a rediyo, shiru. Ya dubi ƙafar wando, ta rantse masa iska gabas ta nufa. Alhali yamma ta dosa. Ya sauko da iska a bayansa tana ingiza shi.

Muƙaddashi ya ɗaga hannu ya ce wa jirgi ya tsaya nan, kamar yadda yake yi wa motar haya. Jirgi bai karanta dokar ba. Ma'aikata suka watse. Da ya waiga bai ga kowa ba, sai ya arce, ya haye saman sandar nan da saurin da bai san yana da shi ba. Jirgi ya wuce titi, ya keta ciyawa, ya tsaya a gindin sandar yana huci.

Sai gogan ya sulalo. Shi dai ya iso ƙasa. Wandon ne wani tsinin waya ya riƙe a sama, iska ta cika shi, ƙafafu biyu suka miƙe suna nuna yamma.

Aka buɗe ƙofar jirgi. Ashe sufeton dattijuwa ce mai tabarau. Ta dubi jakar da aka liƙe, ta dubi mutumin da ke durƙushe yana jan riga ƙasa yana cewa barka da sauka ranki ya daɗe, sannan ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon wandon.

"A duk filin nan shi kaɗai ke aiki bisa ƙa'ida," ta ce. "A bar shi a nan. Mai shi ya koma tasha."