Rasuwar Maigida, Bututun Sanyaya Giya na Gidan Nachisale

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da gajiya, iyalan marigayi Bambo Kachingwe na ƙauyen Nkhwazi a ƙasar Dedza suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin abokan ciniki rasuwar bututun ƙarfen gidansu, wanda aka fi sani da Maigida. Ya rasu ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a bayan ɗakin girki inda ya yi dukan rayuwarsa ta aiki, bayan doguwar jinyar da ba a gane kanta ba sai da lokaci ya ƙure. Mai wannan sanarwa shi ne Limbani Kachingwe, ɗan fari a gidan, kuma yana roƙon a karanta ta har ƙarshe kafin a yanke hukunci a kan kowa.

Ba a haifi marigayin a matsayin bututu ba. Asalinsa shi ne ƙarfen da ke tsakanin sirdi da kan baƙin keken Bambo Kachingwe, wanda ya yi shekara da shekaru yana hawan tudun Dedza da buhunan gawayi. A kansa Limbani ya zauna ranar da aka fara kai shi makaranta, kuma a kansa aka ɗaura zanen da aka sayo ranar sunan ƙanwarsa Tadala. Da mai keken ya rasu, sai keken ya jingina da bango har kaji suka mayar da shi wurin kwana. Uwar gidan, Nachisale, tana da hannu wajen dafa kachasu, giyar dusar masara da ta koya wurin kakarta, amma ba ta da bututun kanta. Aro take yi a maƙwabta, a ba ta yau, a hana ta gobe. Wata safiya ta tura keken zuwa wurin mai walda a bakin titi, ta nuna masa inda zai yanka, ta juya baya har ya gama.

Daga nan aka shiga haɗa masa gida. An wanke cikinsa da yashi da toka, ana zura tsumma a jikin waya, har sai da ruwan da ke fitowa ya zama fari tas. Kawu Zuze, yayan Nachisale, ya fafe gindin wani mangwaro da iska ta kayar, ya yi komi mai zurfi, ya huda shi gaba da baya. Aka ratsa bututun ta cikin komin, kansa a bakin gangar dahuwa, ƙafarsa tana kallon kwalba. Aka naɗe gaɓoɓinsa da robar cikin tayar keken da ya fito daga jikinsa, aka liƙe sauran kafofin da ragowar tuwon jiya, aka cika komin da ruwan sanyi. Ranar da ɗigon farko ya faɗa kwalba, Nachisale ta zuba shi a ƙasa da sunan mijinta, ta ce, “To, Maigida, ka dawo bakin aiki.” Sunan ya bi shi har mutuwa.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da juriya. Wuta a kansa, ruwan sanyi a jikinsa, bai taɓa yin ƙorafi ba. Maganarsa kaɗan ce, kuma duk wanda ya tashi a gidan ya haddace ta. Idan ganga ta fara zafi sai ya yi ɗan fito siriri, fiii, kamar mai kiran kare daga nesa. Sai ya yi shiru. Sai kuma a ji ɗis, a daɗe, a sake jin ɗis. Bai san gaggawa ba. Da wannan ɗis ɗin aka yi wa ɗaki rufin kwano, da shi Tadala ta gama sakandare, da shi mai sanarwa ya samo diflomarsa ta kula da tsabtar muhalli, wadda har yanzu tana cikin akwati tana jiran aiki. Kafin aikin ya zo, Limbani ne ke ɗebo ruwa daga burtsatse yana canza na komi duk sa'ad da ya ɗumama, kuma kafaɗunsa za su iya ba da shaida cewa marigayin ba ya son ruwan ɗumi.

Abin da ya fi kome daraja a gidan shi ne sunan Nachisale. Kowa ya san al'adar mashaya a nan: kafin a sha, akan cika murfin kwalba a watsa a wuta. In giya ce ta gaskiya, sai harshen wuta shuɗi ya tashi. Tun daga Nkhwazi har ƙauyukan hayin rafi, ba a taɓa watsa ta Nachisale wuta ta ƙi tashi ba. Wasu masu dahuwa sukan ƙara ruwa, wasu sukan ƙara abin da ya fi ruwa muni. Ita kuwa takan miƙa murfin da hannunta ta ce, “Watsa, ɗan nan, wuta ba ta karɓar cin hanci.”

Ciwon ajali ya faro ne a daminar bara, kuma ya zo da siffar alheri. Muryar marigayin ta canza. Maimakon ɗis mai nutsuwa, sai ya koma ɗis-ɗis-ɗis kamar mai sauri ya gama, wani lokaci har da ɗan tari, ɓul, daga can cikin ƙirjinsa. Kwalabe suka riƙa cika da wuri. Iyalin suka ɗauka albarka ce ta sauko. Nachisale ba ta sha, Limbani ma ba ya sha, kuma a gidan da aka yarda da kai an daɗe da daina gwaji.

Ranar baikon 'yar Chimwala tela, wanda ya fi kowa daɗewa yana sayen giyar gidan, aka kai kwalabe kamar yadda aka saba. Dangin ango sun zo daga nesa, Chimwala kuwa ya cika musu kunne da labarin giyar ƙauyensu. Ya miƙe a tsakiyar taro, ya cika murfi, ya watsa a murhun da ake dafa naman biki. Garwashin ya ce cuu, ya yi baƙi. Ya sake cikawa ya watsa. Cuu.

“Nachisale!” in ji shi, da muryar da ta kai har bayan gida. “Giya na aiko a kawo mini, ko rijiyar gidanku? Da kin faɗa mini ai da na zo da sabulu mun yi wanki!”

Jama'a suka fashe da dariya. Wani daga dangin ango ya ce a ajiye masa kwalba ɗaya, lagireton motarsa yana yoyo. Nachisale tana tsugune tana kwasar tuwo tare da mata. Ta ajiye mara, ta goge hannu a zane, ta ce, “Tela, ka san hannuna tun kana ɗinki a ƙarƙashin bishiya. Ban taɓa ƙara ruwa ba.”

“To wa ya taɓa, uwata? Mala'iku?”

Nachisale ta ɗauki kwanonta ta tafi gida. Tun daga ranar ta daina zuwa burtsatse da safe lokacin da mata suke taruwa. A majami'a ta bar bencinta na gaba cikin 'yan zumuntar mata, ta koma kusa da ƙofa, tana fita kafin a yi addu'ar rufewa. Masu saye suka ƙaura hayin rafi. Wannan bai dame ta kamar yadda gaisuwa ta dame ta ba, domin mutanen da suka saba tsayawa su tambayi lafiyar gida sun koma ɗaga hannu daga nesa. Ta ci gaba da hura wuta duk da haka, tana canza dusa, tana canza sukari, tana zargin itace, tana zargin hannunta. Kowane karo garwashi ya ce cuu. Limbani ya taɓa iske ta zaune gaban ganga tana juya tafin hannunta tana dubawa, kamar na wata ne aka ba ta aro.

Shi ne ya gano ciwon, kuma ba da wani ilimin makaranta ba. Yana wanke komi ne ya tuna yadda mahaifinsa ke neman hujin taya a cikin kwanon ruwa. Ya cika komin, ya sa Tadala ta toshe ƙafar bututun da babban yatsa, shi kuma ya hura ta kai. Daga ƙarƙashin cikin marigayin, wurin da ido ba ya kaiwa, sai ga kumfa ƙanana suna tasowa a jere. Tsatsa ta huda shi. Ruwan da aka zuba don ya sanyaya tururi, shi ne yake tsiyaya ciki yana bin giya zuwa kwalba. Aka kira Nachisale, aka sake hurawa a gabanta. Ta daɗe tana kallon kumfar, sa'an nan ta dafa ƙarfen ta ce, “Ashe kai ma ka gaji, Maigida. Me ya hana ka faɗa?”

An yi iya ƙoƙari wajen jinya. An naɗe wurin da roba, ruwa ya bi ta gefe. An liƙa sabulu, ya narke. Mai waldar da ya yanko shi tun farko, wanda yanzu ya yi furfura, ya zo har gida ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya girgiza kai ya ce, “Mama, wannan ya zama ɓawon albasa. In na kusanto da wuta, abin da zai rage miki hayaƙi ne.” Ranar Talata Nachisale ta ɓamɓare busasshen tuwon da ke gaɓoɓinsa da hannunta, ta warware robar, ta zaro shi daga komi a hankali, ta kwantar da shi a tabarma. Bai yi ko fito ba.

Marigayin ya bar abokiyar zamansa, gangar dahuwa, wadda baƙin hayaƙi ya riga ya yi mata kayan takaba. Ya bar komin mangwaro, mai huji biyu da babu abin da ke cikinsu, da mazurari, da kwalabe masu yawa da ke jere a bango baki buɗe. Cikin 'yan uwansa na jini akwai kan keke da ke rataye a ƙofar rumbu, da ƙararrawa wadda ke wuyan akuya, da ƙafar baya da ta zama ƙyauren akurkin kaji. Ya kuma bar mutum uku da ya ciyar.

Game da magaji, iyalin suna sanar da cewa har yanzu ba a samu ba, kuma ba don rashin nema ba. Limbani ya zaga kasuwar Dedza rumfa rumfa, ya shiga mota zuwa Lilongwe, ya dawo da ƙura a gira da ciwon ƙafa. Masu gyaran firij suna da bututun jan ƙarfe, amma siriri ne kamar tsinke, kuma yana warin man injin da ba ya wankuwa. Kekunan yanzu ƙarfensu ba ya kai damina biyu. Wani ɗan gwangwan ya jawo masa bututun lagireto ya ce, “Mai difloma, ɗauki wannan, rabin garin nan da shi suke dafawa.” Limbani ya ga darmar da aka liƙe shi da ita, ya kuma san abin da darma ke yi wa cikin mutum da ƙwaƙwalwarsa, sai ya yi godiya ya ajiye. Saboda haka ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, cikin girmamawa, kada kowa ya zo da bututun mota, ko na roba, ko wanda bai san abin da ya taɓa bi ta cikinsa ba. Kawu Zuze yana cewa a bar nema haka, ƙanwarsa ta huta. Ita Nachisale ba ta ce a nemo ba, ba ta ce a bari ba. Ta ce akwai abin da za a fara gamawa tukuna.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a ƙofar gida ta gaba, ba a bayan ɗakin girki ba. Za a kwantar da marigayin cikin kominsa, a cika shi da ruwa, a ɗora a kan benci inda kowa zai gani. Tadala za ta riƙe ƙafarsa. Duk wanda ya zo zai matso, ya sunkuya, ya hura da bakinsa, ya dubi abin da zai taso. Limbani zai tsaya a gefe da tsumma mai tsabta da ruwan zafi, yana goge bakin bututun bayan kowane mutum. Ba za a raba giya ba, domin babu. Za a ba da shayi da dafaffen rogo, da ruwan burtsatse ga mai so, wannan karon da sunansa na gaskiya.

Ba za a sayar da gawar ga 'yan gwangwan ba. Bayan kowa ya yi bankwana, za a shafe ta da mai, a rataye ta a ƙofar rumbu kusa da kan keke.

An keɓe wuri na farko a layi domin Chimwala tela, kuma Kawu Zuze ya ɗauki nauyin zuwa ya rako shi da kansa. Iyalin ba sa neman jawabi daga gare shi, ba sa neman ya durƙusa. Nachisale za ta zauna a kujera daura da komin, sanye da zanen zumuntar mata wanda ta ninke ta ajiye tun ranar baiko. Idan ya hura ya ga kumfa, abin da ake roƙo kawai shi ne ya ɗago, ya kira sunanta, ya gaishe ta, da irin muryar da ya kira ta a wancan taro, yadda na bayan gida ma za su ji.

Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Limbani Kachingwe, a madadin iyali.