Waifa Mai Oda

Shekarar da Shari'a ta zo, direbobin Ƙaura Namoda suka fara kiran maƙwabcina Sani "Injiniya", alhali na riga shi koyon wayarin mota. Abin ya tsaya mini a rai. Da direban wata motar haya ta mata zalla ya kawo masa matacciyar waifa mai share gilashi, sai na tare shi: "Kawo nan, Malam, Sani yaro ne." Ko fis ban duba ba, na ja sabuwar waya.

Ruwa ya tsuge direban da fasinjojinsa suna gaban masallacin Juma'a a Zurmi, liman na huɗuba. Waifa na sharewa, oda na tashi. Direban ya dawo yana huci: "Waifa na kawo maka ko algaita?"

Har yau in hadari ya haɗu, duk motar da ta wuce shagona sai ta danna mini oda. Har Sani, a sabuwar motarsa.