Ranar da Alkama Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da zuwan sabon kwamishinan gona ɗakinmu na gwajin irin shuka da ke Ƙofar Ƙaura ba, 'yan watanni bayan sojoji sun miƙa mulki. An ce a ranar zai zaɓi wanda zai shugabanci ɗakin, ni kuwa na riga na ɗinka babbar riga.

Shekara goma sha biyu ina tantance alkama da ido da haƙori. Sai ga Kabiru, wanda ni na nuna masa inda makunnin fitila yake, ya je kwas ya dawo da sabuwar dabara. A niƙa ƙwaya ɗaya, a tatso furotin ɗinta, a ɗiga a kan wani jel mai kama da daskararren koko, a sa lantarki. Kafin azahar sai layuka shuɗaye su fito, kowane irin alkama da nasa zanen. Kowa Kabiru, Kabiru. Wallahi ko atishawa ya yi sai na ji haushi.

Aikina a ranar shi ne in niƙa iri shida, in zuba a kwalabe shida masu lamba. Shaiɗan ya raɗa mini (ko da yake, gaskiya, bai sha wahala ba), na zuba iri ɗaya a duka shidan. Lissafina shi ne Kabiru zai duba takardar da aka rubuta sunan irin kowace kwalba ya rattabo sunaye shida, ni kuma in yi gyaran murya in kwance masa zani a gaban baƙi.

Da kwamishina ya shigo, har na tare shi a ƙofa. "Ranka ya daɗe, ni na zaɓo ƙwayar nan da idona. Ban taɓa kuskure ba."

Kabiru ya ɗaga jel ɗin ga haske. Takardar ko kallo ba ta ishe shi ba.

"Yallaɓai, duk shidan iri guda ne. Duba, layukan ba su da bambanci."

Kwamishina ya juyo gare ni. "Malam, mi ya faru? Ba kai ka ce ka zaɓo ba?"

Gumi ya bi bayana har cikin takalmi. Sai Kabiru ya yi murmushi ya ce, "Ai Yaya gwada ni yake, yallaɓai. Haka yake horar da mu."

Kwamishina ya tafa, ya ce wanda ya ci jarrabawar babban malami irina ai shi ya cancanci kujera. Aka sa ni, a matsayin malaminsa, in miƙa masa makullai, har da mai hoto.

Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Rufin asirin nan ne ya fi ci mini rai. Tun daga ranar, in hassada ta motsa mini, sai in fara tambayar kaina ko mutumin yana da na'urar da za ta gane.