Rasuwar Kwamfutar da Ta Iya Jiran Mai I'ina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, nake sanar da rasuwar Tsohuwa, kwamfutar lungu a ɗakin gwajin Turanci na makarantarmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, jarrabawar baka tana bakin ƙofa.

Ga wanda bai san aikinta ba: ɗalibi zai zauna a gabanta, ta yi masa tambaya, ya amsa da Turanci, ta ba shi maki. To ni mai i'ina ne. Sauran kwamfutocin, da harshena ya sarƙe sai su ɗauka na gama, su zabga min sifili. Marigayiya kaɗai ce ba ta da wannan rashin kunyar. Tsufa ya sa mata nauyin jiki, kafin ta lura na yi shiru, kalmar ta riga ta fito. Fankarta na ta "ƙirrr, ƙirrr", ni kuma ina ta fama, har mu kai gaci tare. Na karanta littattafan soyayya iya karantawa, ban ga masoyiyar da ta kama ƙafarta a haƙuri ba. Ko mahaifiyata ƙarasa min magana take yi.

Ajali gaskiya ne, amma yana da sanadi, kuma wannan sanadin yana da gashin baki da makullin ɗaki. Mai kula da ɗakin nake nufi, mutumin da ya mayar da bayan marigayiya teburin shayi. Ta daɗe tana jinya, fuskarta na yin shuɗi. Na je in yi masa magana, ya kwashe da dariya tun ban kai rabin jimla ba. Ranar Talata kofin shayin ya kife a kanta. Ta ce "ɗit", shi ke nan. Shi kuwa shayinsa ya yi wa juyayi.

Ta rasu ta bar linzamin kwamfuta mai ciwon ƙugu, da allon rubutu mai giɓi, da ni maraya. Ta kuma bar magajiya, wata sabuwar kwamfuta siririya mai rawar kai, wadda shugaban makaranta ke ta alfahari da saurinta. A gabanta zan zauna ranar Asabar, kuma wanda ya faɗi, ba shi ba ajin koyon jinya bana. Na gwada ta jiya. Ko gaisuwa ban gama ba ta yanke min hukunci.

Za a ɗauki gawar gobe da yamma a baro, zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa na bayan kasuwa. Ni zan tura. Ba a gayyaci mai gashin baki ba, kada ma ya aiko. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar ɗakin gwaji. Mai zuwa ya taho da abin zama, domin in ya ce min "ya haƙuri?", amsar za ta ɗauki lokaci. Wanda ya ƙarasa min ita, ya kama gabansa.