Rasuwar Makullin Wayar Shamsiyya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai gama sauka ba, ni Abdulƙarim Na Allah, mai sayar da irin gero da wake a kasuwar Mayahi, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar makullin da na sa wa wayar ɗiyata Shamsiyya. Ya rasu tun watan Oktoba. Mu dai sai Litinin ɗin nan labari ya iso mana, bayan wata shida muna gaishe da gawa.

An haifi marigayin a tashar Tasawa, a rumfar Maman Sani mai gyaran waya. Shamsiyya ta shiga ajin ƙarshe na kwaleji, jarrabawar fita, wato birebe, na jiran ta a watan Yuni, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa kaiwa nan. Kawunta ya aiko mata waya saboda darussan da malamai ke turawa. Ni kuwa da na ga yadda waya ke cinye ƴaƴan mutane, na hau mota takanas don a ɗaure mata baki. Maman Sani ya latsa nan ya latsa can, ya ce awa ɗaya a yini, daga nan waya ta kulle kanta sai gobe. Sannan ya miƙo mini.

"Malam, sa lamba huɗu wadda ba ka mancewa. Ranar haihuwarka ta hi sauƙi."

Na ciro katina na ɗan ƙasa, na juya wa jama'a baya, na kare da hannun riga, na kwafe abin da ke rubuce: 0101. Mu da aka haifa a ƙauye ba wanda ya rubuta mana rana, sai da muka girma aka raba mana ɗaya ga Janairu gaba ɗaya. Ni, da matata Biba, da limamin unguwa, da rabin mutanen garinmu Kanan-Bakaché, duk rana guda muka zo duniya. Na san haka sarai. Amma na sauko daga mota ina taƙama kamar na kulle banki.

Marigayin mutumin kirki ne, wannan kowa ya shaida. Bai taɓa yin gardama da kowa ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa, buɗe masa yake yi. Yana da murya mai daɗi, kullum bayan la'asar sai ya ce "tirit," fuskar waya ta yi duhu, Shamsiyya ta nuno mini ita cikin ladabi ta wuce ɗaki. Ni kuma in gyara hula in nufi majalisa, in yi ta koya wa dattawa tarbiyyar zamani.

Ajalinsa ya bayyana ne da sakamakon jarrabawar gwaji. Shamsiyya, wadda ba ta taɓa wuce ta biyar ba, ta zo ta talatin da ɗaya. Malaminsu na lakwal, Mushe Khalil kamar yadda suke ce masa da Faransanci, ya kira ni ya ce in taho da wayar. Na rantse masa awa ɗaya ce tak. Ya nemi lambar, na ce sirri ne. Bai ko ɗago kai ba ya latsa, waya ta washe masa baki.

"Kai ne uba na goma sha ɗaya satin ga," in ji shi.

Ya nuna mini lissafin da wayar ke ajiyewa da kanta. Awa bakwai a yini, rawa da wasan kwaikwayo. Darasi kuwa, minti tara ranar wata Laraba.

A gida na zaunar da ita na tambaye ta yaushe ta gano lambar. Ta ce ranar da na kawo wayar, kafin a sauke tuwo. Na buɗe baki zan fara, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wata shida ba ka taɓa ce min mi muka yi a lakwal ba. Kullum sai dai ka ce, ta kulle?" Wannan magana ta fi sakamakon yi mini ciwo, don gaskiya ce.

Marigayin ya bar ni, uban da ya ba lamba huɗu riƙon ɗiyarsa. Ya bar Biba, wadda tun farko ta ce ba ta yarda da shi ba, kuma tun Litinin take maimaitawa. Ya bar makullai ƴan uwansa goma a aji guda, duk sun riga shi ko sun bi shi. Ya bar dattawan majalisa huɗu da suka bi shawarata, ina roƙon su yafe. Ya kuma bar Maman Sani, wanda har gobe yana tashar Tasawa yana raba wa iyaye wannan hikima.

Ba za a yi masa salla ba. An riga an binne shi tare da wayar a ƙasan akwatin Biba, ƙarƙashin zannuwa. Masu ta'aziyya kada su neme ni a majalisa. Zaman makoki a tsakar gida ne, kullum daga la'asar zuwa magariba, har ranar jarrabawa: tabarma ɗaya, ni da Shamsiyya da littattafanta. Ban iya Faransanci ba, don haka ita za ta riƙa karantawa da ƙarfi tana fassara mini. Saura kwana hamsin da takwas. Wanda ya zo, ya zauna shiru.