Hammadu Ya Koyi Goyo

"Lafiya lau muka tashi, sai dai ɓarawo ya yi mana sammako."

Haka Hajiya Baturiya ta amsa gaisuwar jikanta Hammadu, ba ta ko ɗago kai daga kitson da take yi wa yarinyar da ke zaune tsakanin ƙafafunta ba. Hammadu yana durƙushe a bakin tabarma cikin safarinsa mai ruwan toka, ya ce shi bai taɓa jin ɓarawon da ya shigo da sallama har da tsarabar atamfa ba. Ta ce ai na Ikko haka suke yi, su ba ka turmi guda su tafi da abin da ya fi shi.

Abin da ya kawo shi Azare a ƙarshen daminar 1989 ke nan. Hammadu akawu ne a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Yana goye mahaifiyarsa ta rasu, Hajiya ce ta raine shi, shi ya sa da matarsa Lauratu ta samu ciki alhali 'yarsu Zinatu ba ta bar nono ba, bai yi shawara da kowa ba ya kawo yarinyar yaye wurin tsohuwar. Wata biyar ke nan. Yanzu cikin Lauratu ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya, ga kewar 'yarta ta hana ta sakat. Sai Hammadu ya taho shi kaɗai. Mota za ta kai su Kano da hantsi, jirgin sama ya ɗauke su da la'asar.

"Hajiya, ki riƙa sakar wa maigidanki fuska," in ji shi.

"Wane maigidan? Wanda ba cefane ba aike, sai an yi wata biyar a ga ƙeyarsa? Ni na daɗe da kai ƙararka wurin alƙali, cewa ya yi in yi haƙuri wai yaro ne."

Ta ƙulle kitson ƙarshe, sannan ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi yadda zai yi da 'yar shekara biyu tun daga nan har bakin teku. Hammadu ya gyara zama. Ya ce wannan ba abin damuwa ba ne, sau tara yana hawa jirgi, har ma'aikatan ciki sun san kujerarsa. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ya ce ga shi Lauratu ta rubuto masa komai ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ce madalla, idan majina ta zubo sai ya karanta mata layi na uku.

Ya tuna mata cewa ita fa sau ɗaya tak ta taɓa shiga jirgi, shekarar da ta sauke farali. Ta ce sau ɗayan nan ya fi taransa, domin a tafiyar ce direban ya rasa hanya a saman Sudan, sai da aka zo aka yi mata magana ta nuna masa gabas. Ya ce shi kuwa labarin da ya samu daban ne: an ce tun daga Kano take kokawa da taga tana neman inda za ta tofar da tuƙar goro. Ta ce ƙarya ake mata, tambaya ta yi cikin mutunci, suka kawo mata 'yar jaka ta takarda, har yau tana nan a ƙasan adaka in yana son gani.

Zinatu dai tana ta kallon baƙon nan mai yawan dariya, ta riƙe gefen zanen Hajiya da hannu biyu.

"To mai sau tara," in ji Hajiya, "jirgi ya ɗaga, yarinya ta kama kunnuwa ta fasa kuka. Me za ka yi?"

"In ce ta yi shiru, babanta na nan."

"Ka ga irinta."

Ta ba shi labarin wata 'yar garin Sakwa da suka zauna kusa a jirgin Makka, da jariri a hannu. Ana tashi yaron ya sandare da kuka, uwar ta rikice tana cewa iska ce ta taɓa shi. Hajiya ta ji nata kunnuwan sun toshe, ta lura kuma duk sanda ta haɗiyi yawu sai su buɗe, sai ta ce wa uwar ta ba shi nono. Yana fara tsotso ya yi tsit. Da za a sauka Jidda ma haka aka yi. Ta ce to Zinatu ta bar nono, shi kuma Allah bai ba shi ba, saboda haka ga dabino nan ta cire ƙwallayen ta jiƙa shi ya yi laushi. Da ya ji jirgi ya fara gudu ya sa mata ɗaya a baki, ya riƙa ba ta ruwa kurɓi-kurɓi. In an ce za a sauka ya sake yin haka, ko barci take ya tashe ta a hankali.

Hammadu ya duba takardarsa. Babu wannan a ciki. Ya ce da ma yana sane, gwada ta yake yi ya ga ko tsufa ya fara taɓa ta.

Ta tambaye shi ina kayan yarinyar. Ya nuna babban akwati da ya ɗaure da igiya tun da safe, ya ce komai na ciki, za a sa a cikin jirgi daga ƙasa, sai Ikko a buɗe. Hajiya ta ce ya kwance. Ya ce Hajiya ƙulli bakwai ne. Ta ce ko saba'in ne. Yana kwancewa yana mita, ita kuwa tana zaɓe: riga uku, wando huɗu, tsumma biyu, 'yar rigar sanyi domin cikin jirgi kamar randa yake, duk ta tura a jakar hannu. Sannan ta ce ya sa tasa rigar guda ɗaya a kai.

"Tawa kuma? Ni zan yi fitsarin?"

"A kanka za a yi."

Ta tuna masa wata tafiya da suka yi a bayan babbar mota daga Gololo, yana kamar Zinatu. Ta ce tun daga tasha ya fara yi mata amai bai tsaya ba sai Azare, ta shigo gari a ranar kasuwa da mayafi yana ɗiga, mutane suna matsawa. Hammadu ya ce wannan sharri ne, shi tun yana jariri mai tsabta ne, kowa ya shaida. Ta ce shaidun duk sun mutu, saura ita, kuma ba ta yafe ba.

Daga nan ta ci gaba ba tare da ta jira shi ba. Kar ya cika mata ciki kafin mota, kunun gyaɗa na cikin fulas, kaɗan-kaɗan. In sun isa Wudil ya sa direba ya tsaya ta kama ruwa ko ba ta ce tana ji ba, haka kuma kafin a kira su shiga jirgi. Abincin da za a raba a sama kar ya ba ta abin da bakinta bai sani ba. Ya roƙa a ba shi kujerar bakin hanya, don yarinyar ba ta iya zama wuri ɗaya. A filin jirgi kuwa ko gaisawa zai yi da gwamna kar ya saki hannunta. Ta ce ya yagi gefen takardar nan tasa ya rubuta sunan yarinyar da nasa da unguwarsu, ta maƙala mata da fil a cikin riga.

"Yau dai bokonka ya yi rana," ta ce.

Mota ta yi ƙaho a waje. Hammadu ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya buɗe hannuwa ya ce Zinatu ta zo su tafi wurin Umma. Yarinyar ta zagaya bayan Hajiya. Ya fito da alewa, ta kau da kai. Da ya kai hannu ya ɗauke ta sai ta ƙanƙame wuyan tsohuwar ta saki wani irin kuka. Ya sake ta. Ya tsaya riƙe da alewar, dariyar nan duk ta tafi. Watanni biyar sun isa yarinya ta manta fuskar ubanta, shi bai taɓa kawo haka a ransa ba.

Can ya ce, a hankali, ko dai a bar ta sai bayan Lauratu ta sauka.

Abin da Hajiya take so ke nan. Tun ranar da wasiƙarsa ta iso take fatan wani dalili ya taso a ɗaga tafiyar, har ta yi ta jan kitson nan da gangan. Ta shafa bayan yarinyar.

"A'a," ta ce. "Kai da na raina, ba yadda za a yi ne, taka uwar, ƙasa ta rufe ta. Wannan tata tana can tana jiran ƙarar ƙofa. Ba zan riƙe ta ba."

Ta shiga ɗaki da Zinatu a kafaɗa, ta fito da wani tsohon zane da ya koɗe, wanda take goya ta da shi kullum, da majanyi. Ta ce wa Hammadu ya sunkuya.

Ya ja da baya. Ya ce Hajiya ta dubi safarin nan, ta dubi matsayinsa, direba na waje, 'yan unguwa na zaure. Ya ce tun da aka kafa Katagum ba a taɓa jin namiji da goyo ba.

"Jaka a hannun dama, tikiti a hagu. Ita da haƙori za ka riƙe ta? Sunkuya, malam."

Ya sunkuya. Ta ɗora masa yarinyar tana ta shure-shure, ta yafa zanen, ta ce ya kama gefe biyu ya soke a ƙirji. Ya soke, zanen ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Hajiya ta ce ita ta manta, ba shi da abin da ke riƙe zane a wurin, ƙirji kamar allo. Ta zagayo da majanyin ta ɗaure tamau har sai da ya yi nishi. Ta ce ya riƙa ɗan rausaya yana bubbuga ta daga ƙasa.

Yana rausayawa, kukan ya fara sauka. Zinatu ta cusa hanci cikin zanen, ta shaƙi ƙanshin da ta sani, ta ja ajiyar zuciya biyu, ta kwantar da kunci a bayan ubanta. Hammadu ya tsaya cak kamar wanda aka ɗora wa ƙwai.

Daidai nan Mama Risikat, Bayarabiyar da ke sayar da kayan koli a ƙofar gidan, ta leƙo don yi wa yarinyar sallama. Ta ga akawun Ikko da goyo, ta dafa bango tana dariya ba sauti, don Hajiya ta ɗora yatsa a baki. Ita ta ɗaukar masa jakar.

Hajiya ta ce ba za ta raka su zaure ba, in yarinyar ta waiwayo ta gan ta aikin ya ɓaci. Ta koma kan tabarma ta hau tattara matsefi da man kitso, ta ba su baya.

"Na sallama, Hajiya," in ji Hammadu, murya ƙasa-ƙasa, yana dariya. "Sau ɗayanki ya fi tarana."

"Da ma. Kuma ka ji da kyau, zanen nan aro na ba ka. Da ƙaramar salla ka dawo mini da abina, da abin da ke cikinsa."