Taya Mai Huji a Ƙofar Ukki Tauno

"Lafiya lau nake, sai dai ban ji zuwanki ba. Turo abin nan kika yi tun daga birnin Tampere?"

Ukki Tauno ke nan, kakan Vilja na wajen uwa, zaune a bakin rumfar da ya tsufa yana gyaran babura a cikinta, ya miƙe ƙafar dama a kan kututture. Ƙanƙara ta narke a kan tituna, gobe kuma ranar fitar farko ce, ranar da masu babura na ƙauyen ke jerawa zuwa bakin tafki su sha kofi. Tun kafin a haifi Vilja shi ke gaba, kuma ba mai tayar da nasa sai an ji rurin tsohon baburin Tauno. Bana gwiwa ta ƙi, ba ya iya buga kik ya tayar da baburin. Har ya faɗa wa 'yarsa gobe zai kwanta ya ce mura yake yi. Wannan ne ya sa Vilja ta aro babur mai lantarki daga masana'antarsu, irin wanda take haɗawa da hannunta.

"Ba ka ji zuwana ba don kunnenka ya riga gwiwarka ritaya, Ukki."

"Kunnena ƙalau. Abinki ne bebe." Ya leƙa tayar baya, wadda tsakiyarta fayau take, ana hango ciyawa ta ciki. "An sace miki tsakiyar taya a hanya, kina kai ba ki sani ba."

"Haka muka ƙera ta. Injin yana cikin da'irar tayar, ba sarƙa, ba abin da za ka shafa wa baƙin mai ka goge a labule."

"Wannan ai burodin nan ne mai huji da marigayiya kakarki take zirawa a sanda ta rataye a saman murhu. Da tana nan da ta shafa masa man shanu."

"Da tana nan da tuni ta hau ta bar ka da kututturenka."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙwanƙwasa cikin baburin da sandarsa. "Nan kuma batir ne ko? Sanyin farko zai mutu, ki dawo kina jan sa kamar maraƙi."

"Wannan ba ruwa a cikinsa balle ya daskare. Sabo ne, daskararre muka same shi tun asali, kamar zuciyarka. Kafin ka gama kofi ɗaya da ƙorafin gwamnati ya sha caji."

"To ai ƙorafina yini yake ɗauka, figaggiya, ba abin yabo ba ne."

"A tsakiyar hunturu na bar shi ya kwana a waje, da safe ya tashi. Kai fa sai an kai ka ɗakin wankan tururi an gasa kafin ka iya ɗaura takalmi."

"Ni da na tsallake tafkin nan a kan ƙanƙara da taya ɗaya, ina riƙe da kifi a haƙori?"

"Bara ka ce a aljihu yake."

"Kifi biyu ne."

Vilja ta yi dariya, amma idonta na kan ƙafar. Ta san idan ya kwanta gobe, baɗi ma ba zai fita ba.

"Shi ke nan, ka kwanta," ta ce tana ɗaukar hular kwano. "Zan biya in gaya wa Urho mai gidan burodi gobe shi ne a gaba. Dama ya daɗe yana goge fitilarsa."

"Urho? Mutumin da ke sa sigina a cikin garejinsa?" Tauno ya dafa sanda ya miƙe. "Matso da beben nan. Ba hawa zan yi ba, dubawa zan yi."

Ta riƙe masa har ya ɗaga ƙafar ya zauna. Ya laluba da diddige yana neman abin bugawa, ta kama babban yatsansa ta ɗora a kan maɓalli. Ya murɗa kaɗan. Baburin ya zare da shi ya zagaya bayan rumfa, ya bi ta gefen itatuwan da aka tara na hura wutar ɗakin wankan tururi, ya fice titi. Ya jima bai dawo ba. Da ya dawo gashinsa duk ya miƙe, kuncinsa ya yi ja.

"Yaya?"

"Ba laifi." Ya shafa gefen tayar, inda aka ɗaure ƙusoshi a jere. "Wa ya ɗaure waɗannan?"

"Ni."

"Na ga alama. Ɗaurin gidan nan ne. Su mutanen naku sun san wanda ya koya miki, ko kin ce musu daga sama kika faɗo da sifana a hannu?"

"Na ce musu wani tsoho ne mai faɗa."

"Gaskiya kika faɗa." Bai sauka ba. "Sai dai da matsala. In na tashi gobe a kan wannan, zan kai tafki in sha kofi in dawo, su Urho suna nan tsaye suna jiran ruri."

"Sai ka yi musu da baki. Ka iya ai."

Ya harare ta. Sannan ya zura hannu a wuyan rigarsa ya ciro makullin tsohon baburin, wanda ko uwar Vilja ba ta taɓa riƙewa ba, ya jefa mata.

"Ke za ki buga shi, ki bi ni a gefe. A gefe na ce, ba gaba ba. Je ki gwada in gani ko ƙafar taki ta 'yan birni ce."

Ta turo shi daga rumfa, ta hau, ta tara nauyinta ta buga. Ya yi tari. Ta sake. Ruri ya cika tsakar gidan har karen maƙwabta ya amsa.

Tauno ya kece da dariya yana dukan beben baburin da tafin hannu.

"Kin ci, ja'ira. Amma in Urho ya tambaya, ce masa ni na ba ku shawarar hujin nan."